Abin da Ke Bakin Duna

Na san akwai waɗanda za su ce, a shekarar da Njamena ta rasa mutane ba adadi, wani ya zauna yana ba da labarin jinyar kare. Ban musa musu ba. Mu ma mun yi rashi, kuma ba a nan zan faɗi nasu ba. Amma abin da ya sami karenmu kuskure ne da kowane gida irin namu zai iya yi, shi ya sa na ga gara in rubuta shi yadda ya faru, ko wani ya tsira da nasa.

Gidanmu a unguwar Ridina yake. Kakannin Baba sun taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji a ƙafa, guzuri ya ƙare musu a bakin kogin Shari, suka zauna. Baba yana da rumfar atamfa a kasuwa. Da faɗa ya tsananta aka tsallakar da Inna da ƙannena zuwa Kusuri a ƙetaren kogi, gidan ya rage mu huɗu: Baba, da Kaka mahaifiyarsa wadda ta ce ba ta shiga kwalekwale da tsufanta, da Kawu Tanimu ƙanen Inna wanda ya zo daga Kano da kayan sayarwa yaƙi ya tare masa hanya, sai ni. Ina ajin kusa da ƙarshe a lise, wato sakandare, lokacin da aka rufe makarantu.

Duna ya zo gidan tun kafin wannan, yana ɗan kwikwiyo, bayan ɓarayi sun haura mana katanga. Baba ya yarda a ajiye shi don gadi. Kaka ta yarda bisa sharaɗi: ba ya shiga ɗaki, ba ya zuwa wajen randa, ba ya taka tabarmar salla, kuma bakinsa ba ya taɓa mutum. Ni aka ɗora wa koya masa, tunda ni ne mai zaman gida da littafi.

Na tambayi Kaka da wane harshe zan yi masa magana.

Ta ce, "Yi masa da yaren makarantarku, maigidana. Da ma na rasa amfaninsa."

Saboda haka da Faransanci Duna ya yi karatu. In na ce "asi" ya zauna, in na ce "kushe" ya kwanta. Ladansa ɗan guntun busasshen kifi ne. Ban taɓa dukansa ba. Na lura in ka yi masa tsawa yakan manta abin da kake so, in ka maimaita a hankali safe da yamma yakan riƙe. Ɗaki da randa da tabarma duk bai wahalar da ni a kansu ba. Bakin ne ya ɗauki lokaci, don ɗan kwikwiyo da lasa yake gaisuwa. Duk sanda ya kawo baki wajen hannuna sai in sa karan dawa in kawar da hancinsa gefe, in ya tsaya a haka in ba shi kifi a ƙasa. Har ya zama da zarar mutum ya miƙo hannu, Duna zai kau da fuska ya ba shi baya. Baƙi sukan yi mamaki. Kawu Tanimu yana ce masa kare mai alwala. Na yi alfahari da wannan horon fiye da duk sauran.

Ciwon ya fara bayan Babbar Salla. Shekarar ba mai halin rago shi kaɗai, sai gidaje suka haɗu aka yanka ɗaya. Kan ragon ya faɗo mana, Kaka ta dafa shi ya yi laushi. Da aka gama ci, Kawu ya tattara ƙasusuwan ya zuba wa Duna, ya ce shi ma ya yi salla. Ina wurin, na ji daɗin abin ma.

A satin farko abin da na gani kaɗan ne. Duna yakan zo wajen kaskonsa da sauri kamar kullum, ya sunsuna, ya ɗauki loma, ya sake ta. Yana yawan kai ƙafar gaba yana shafar gefen fuskarsa, yana goga haɓarsa a ƙasa. Ruwa yana sha, amma a hankali, kansa a karkace. Na faɗa wa Kaka, ta ce ƙarar manyan bindigogi ce ta firgita shi, ita ma ba ta iya cin abinci ranar da aka yi ta lugude. Baba ya ce ya ƙoshi da naman salla ne, tuwo ya zama abin raini. Na sassauta masa tuwon da ruwa ya zama kamar kunu, ya lashi kaɗan. Na kira shi, na tsuguna, na miƙa hannu don in ga fuskarsa. Ya kau da kai ya ba ni baya, yana kaɗa wutsiya. Na shafa bayan, na tashi.

A sati na biyu yawu ya fara dalala daga bakinsa, mai kauri, wani lokaci da ɗan ja. Wari ya biyo baya. In ya kwanta a gindin dogon yaro sai ƙudaje su taru a kansa. Ƙasan idonsa na hagu ya kumbura. Nan ne shawarwari suka fara zuwa.

Kaka ta dafa ganyen dogon yaro ta ce in zuba masa a ruwan sha. Ya sunsuna ya bar shi. Ta jiƙa kanwa, ita ma ya ƙi. Maƙwabciyarmu Am Halime ta leƙo ta katanga, ta toshe hanci da gyale, ta ce da Larabci wannan warin ta san shi, karen ya ci abin da karnukan titi suke ci. Kowa ya gane nufinta. A kwanakin akwai lungunan da ba a iya shiga a ɗauko waɗanda suka faɗi, karnukan da masu su suka gudu suka bari kuwa suna yawo garke-garke. Na ce mata Duna bai taɓa fita ƙofar gida ba. Ta ce, "Kai kana kwana a kansa ne?"

Kawu Tanimu ne ya fara faɗin kalmar da kowa yake kewaya.

"Yaya, haukan kare ne wannan," ya ce da Baba. "Na ga irinsa a Kano. Yawu, ƙin abinci, neman wurin ɓuya. Ranar da zai ciji wani, ina allurar take a garin nan?"

Baba ya ce a ɗaure shi. Na ɗaure shi da igiya a jikin bishiyar, karo na farko a rayuwarsa. Daga ranar aka hana ni matsawa kusa. Da doguwar sanda nake tura masa kasko, da ita nake jawowa. Yana ganina zai miƙe ya zauna yadda na koya masa, yana jiran in ce wani abu.

Cikin satin ne na je wani ƙaramin asibiti da ya rage yana aiki a gefen unguwarmu. Na ji ana cewa penisilin tana maganin kumburi da wari. Na isa da safe na tarar layin ya fito har titi. Wasu a tsaye, wasu a kan tabarmi. A gabana akwai wata mata riƙe da yarinyar da garwashin rufin ɗaki ya ƙona mata hannu, a bayana wani dattijo da aka ɗaure masa cinya da rawaninsa. Matar ta tambaye ni wa nake wa jinya. Na ce wani ne a gida. Ta ce Allah ya ba shi lafiya, na ce amin, kunya ta rufe ni.

Sai bayan azahar na kai ga tebur. Infirmiyen, wato ma'aikacin jinyar, ya ɗago da jajayen idanu.

"Ina mara lafiyan?"

"Yana gida."

"Babba ne ko yaro?"

Tun ina layi nake shirya ƙarya, amma da aka zo wurin sai ta ƙi fita. Na ce, "Kare ne."

Bai yi min tsawa ba. Da ya yi ma da ya fi min sauƙi. Ya ajiye alƙalaminsa, ya nuna min layin da haɓa. "Allurar da ta rage min ba za ta kai ga wancan dattijon ba. Ka tafi gida." Na juya. Na kai bakin ƙofa sai ya ɗaga murya ya ce akwai wani tsohon likitan dabbobi a unguwar Digel, bayan rumfunan masu gawayi, in hanya ta buɗe in neme shi. Har yau ina gode masa a kan wannan. Har yau kuma ina jin ciwon yinin da na tsaya na tare wa wani wuri.

Hanyar Digel ba ta buɗe ba. Faɗa ya koma wajen gabas, Baba ya ce ko ƙofar unguwa kada in wuce. Sai na tafi wurin masu saida magani a kan tebur a bakin kasuwa. Komai ya ninka kuɗi, ni kuma ba ni da ko sisi, saboda haka na ba da babban ƙamus ɗina na Faransanci aka ba ni ƙwayoyi ja da baƙi a ƙullin takarda. Mai teburin bai tambaye ni na wane ne ba, ni ma ban tambaye shi tun yaushe suke cikin rana ba. Ina fasa su in zuba a ruwan koko. Kumburin ya ɗan saɓe, na yi murna, na faɗa wa kowa. Wannan sauƙin ƙarya shi ya ƙara cinye mana kwanaki.

A sati na uku ƙwayoyin suka ƙare, kumburin ya dawo ya rufe idon gaba ɗaya. Haƙarƙarinsa duk sun fito. Ba ya iya miƙewa sai ya yi yunƙuri biyu. Ranar wata Laraba maza uku na lungunmu suka yi sallama da Baba a zaure. Ina daga ciki ina jin su. Suka ce suna da yara, suka ce igiya tana tsinkewa. In ba za mu iya ba, mayaƙan da ke shingen bakin titi za su yi da harsashi ɗaya, ko taba ba sai an ba su ba. Ban ga laifinsu ba ko a lokacin. Baba ya ce su ba shi zuwa bayan sallar Juma'a.

Ni ba mai magana ba ne a gaban Baba. In ina son abu Inna nake faɗa wa, ita ta kai. Amma Inna tana ƙetaren kogi. Da ya shigo na tsuguna nesa kaɗan na ce, "Baba, a bar ni in kai shi Digel. In likitan ya ce hauka ne, ni da kaina zan kai shi shinge."

Baba ya juyo gare ni.

"Kai kaɗai za ka wuce shingaye da kare a baro?"

"Eh."

"Ba za ka wuce ba. Ɗalibi ne kai, fuskarka ta nuna." Ya gyara hularsa. "Gobe in an wayi gari shiru, mu tafi tare."

Kaka ta ce daga ɗaki, "Ɗan mutum guda da jika guda gare ni a gidan nan, za ku kai min su bakin bindiga saboda kare." Da safe ita ta miƙo tsohon buhun da muka lulluɓe Duna da shi.

An wayi gari shiru. Muka jawo Duna kan buhun da igiya muka ɗora shi a baro ba tare da mun taɓa kansa ba. Ni nake turawa, Baba yana gefe da carbi. A shinge na biyu wani matashin mayaƙi ya sa bakin bindiga ya ɗaga buhun, yana zaton makami ne ko gawa. Ya kira abokansa su zo su gani.

"Alhaji, kare kuke yawo da shi a garin nan?"

Baba ya ce, "Mara lafiya muke kaiwa."

Suka yi dariya, suka ɗaga mana igiyar shingen.

Likitan dattijo ne siriri, gilashinsa ɗaure da zare. Gidansa cike yake da jakuna masu rauni da mutanen da suka rasa asibiti suka zo wurinsa a ɗinke su. Ya saurare ni har na gama, don na jero masa komai daga ranar salla. Ya tambayi tun yaushe yawun ya fara. Na faɗa masa.

Ya ce, "To ba hauka ba ne. Karen da ya haukace har ya fara zubar da yawu ba ya kai wa haka da rai. Da tuni kun binne shi. Me kuka gani a bakinsa?"

Na kalli Baba, Baba ya kalle ni.

"Ba ku duba ba?"

Na ce, "Ba ma taɓa bakinsa."

Likitan ya tashi. Ya ɗauko tsumma biyu da awartaki da 'yar fitilar hannu. Ya miƙa hannu, Duna ya kau da kai. Ya zagaya ta ɗaya gefen, Duna ya sake kau da kai, da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Wa ya koya masa wannan?"

"Ni ne."

"Ka koya masa da kyau. Yanzu ina son mai riƙe kai, da mai riƙe ƙafafu."

Na tsaya ina neman inda zan kama. Baba ya cusa carbinsa a aljihu, ya naɗe hannun rigarsa, ya durƙusa a ƙasa, ya rungumo kan Duna ya danna shi a cinyarsa. Tunda nake ban taɓa ganin ko ɗan yatsansa a jikin kare ba. Yawu da mugunya suka ɓata masa farar riga. Na riƙe ƙafafun. Likitan ya zura tsumma ɗaya a muƙamuƙin sama, ɗaya a na ƙasa, ya buɗe, ya haska.

"Zo ka gani, ɗalibi."

Wani siririn ƙashi ne ya gitta a ganɗarsa, ya maƙale tsakanin haƙoran ciki na dama da na hagu kamar an auna shi. Naman da ke kewaye da shi ya yi baƙi. Likitan ya kama shi da awartaki, ya murɗa sau ɗaya, ya fito. Tsawonsa bai kai ɗan yatsana ba. Duna ya yi wani ƙaramin kuka, sannan ya shiga motsa harshensa yana taɓa wurin kamar bai yarda ba. Aka kawo ruwa ya sha, ya sha, har sai da aka janye kwanon.

Likitan ya wanke ramin da ruwan gishiri, ya yi masa allura daga ɗan abin da yake ɓoye wa jakuna, ya ba ni sauran kwalbar, ya nuna min inda zan soka a cinya. Baba ya sa hannu a aljihu, likitan ya ce a bar shi, in an buɗe kasuwa a aiko wa matarsa turmin atamfa. Na tambaye shi ko Duna zai warke.

"A satin farko aikin minti ɗaya ne, ko kai ka iya," in ji shi. "Yanzu ruɓar ta ci ƙashin fuska, ina tsoron ta shiga jini. Mu muna ce mata septisemi. Ka yi naka, ka bar wa Allah nasa."

Wannan kalmar ta zauna min a kai duk hanyar dawowa.

A gida Baba ya cire rigar ya ba Kaka, ya wanke hannuwansa da sabulu, ya yi alwala. Kaka tana ta faɗa a kan rigar. Ya ce, "Iya, abin da na sani a karatu, ƙwaryar da kare ya sa baki a ciki aka ce a wanke. Sauran mu muka ƙara da kanmu." Ya ɗauki ƙashin a cikin takarda ya fita ya nuna wa mutanen lungu. Ba wanda ya sake maganar Juma'a. Kawu Tanimu ya karɓi takardar ya daɗe yana juya ta, ya ce, "Ni na zuba masa." Baba ya ce, "Mu duka muka ci kan ragon."

Sati na huɗu shi ne jinyar gaskiya. Na kwance igiyar. Safe da yamma ina buɗe bakinsa in wanke ramin da ruwan gishiri mai ɗumi. Da farko yana kau da kai, sai na riƙa yi masa magana da Hausa a hankali har ya saki jiki. Ina ɗura masa koko da romo da sirinji ta gefen baki. Kawu ne mai riƙe min shi lokacin allura, kuma shi yake zagayawa wurin mahauta ya samo abin romon. Kaka tana tace kokon da kanta, tana cewa ba don kare take yi ba, don kada in ɓata mata rariya ne. Kwana biyu ko uku ya yi kamar zai tashi. Idon ya buɗe. Ya taka har bakin zaure, ya yi haushi guda da wani mai tallan ruwa ya wuce. Na ba shi ɗan kifi a tafin hannuna, ya tsaya yana kallona, yana jiran in ajiye a ƙasa. Ban ajiye ba. Da ƙyar ya yarda ya ɗauka.

Daga nan jikinsa ya ɗauki zafi. Allurar ta ƙare, hanyar Digel ta sake rufewa. Ya daina shan koko, fitsarinsa ya yi duhu, dasashinsa ya koma fari. Ina jiƙa buhu in shimfiɗa masa, ya bushe, in sake jiƙawa. Ya mutu da la'asar a gindin bishiyar, kansa a kan ƙafata.

Kawu ya haƙa ramin a bayan ɗakin girki, ya zurfafa shi saboda karnukan titi. Muka sa shi da buhunsa. Muka tsaya mu uku, ba wanda ya san abin da ake faɗa a irin wannan wuri. Can Baba ya ce, "Wanda ya halicce shi ya san da shi. Ku rufe."

Ina godiya ga likitan Digel, da infirmiyen da ya kore ni ya kuma nuna min hanya, da Baba. Ina kuka da masu saida ƙwayar da rana ta kashe, da yaƙin da ya mai da tafiyar safiya ɗaya ta zama ta makonni.

Ga mai kare a gida kuma, ga abin da na koya da tsada. Kada ka ba shi dafaffen ƙashi, ko na salla ne, don tsagewa yake yi. Ka yi masa allurar hauka tun ana zaman lafiya, domin ranar da ya fara zubar da yawu ka sami abin da za ka faɗa wa maƙwabta. In kana zaton haukan ne, ko wani kare ya cije shi, kada ka sa hannunka, ka nemo wanda ya sani da wuri, kada ka zauna kana gwada ganye. Ka hana shi ɗaki da randa da tabarma, wannan daidai ne, yana kuma iya koyo. Amma tun yana ɗan kwikwiyo ka saba masa da ka kama haɓarsa, ka buɗe bakinsa, ka duba sama da ƙasa, ka ba shi ladansa. Dabba ba ta da yadda za ta ce maka ga inda ke mata ciwo, sai in ka duba. In ka gama ka tashi ka nemi ruwa da sabulu. Hannu yana wankuwa.